Kan nonona a shige yake tun ina yarinya: in yi tiyata ko in haƙura?

Bintu_A
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da nauyin baki nake rubuta wannan, amma na gaji da barin abin a cikina. Tun da na fara ƙirgar dangi kan nonona duka biyun a shige suke ciki. Na dama idan na matsa gefensa yakan ɗan leƙo, ina sakinsa ya koma. Na hagu kuwa ko motsi ba ya yi. Ba ya min ciwo, sai dai datti na taruwa a ramin, in ban kula ba har ɗan wari yake yi. Yanzu aurena ya matso, kuma na ji an ce akwai ƙaramar tiyata da ake yi a fito da shi. Don Allah akwai wadda ta taɓa yi? Yana komawa? Kuma mace tana iya shayarwa bayan an yi mata?

Maman_Afnan
Wa alaikumus salam ƙanwata. Cire kunyar nan, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni ma haka nawa na hagu yake, kuma duk yarana na shayar da su da shi. Kada ki yarda a sa miki wuƙa a jiki kafin ki haihu.

Zee_baby
Ni wallahi yau na fara jin ana yi wa wannan abin tiyata. Na ɗauka ni kaɗai ce.

Ummu_Khalil
Ba ke kaɗai ba ce Zee, mata ne dai ba sa faɗa. Bintu, ki dinga jan sa da yatsa kullum safe da yamma in kin fito wanka, zai fito da kansa.

Nas_Rabi
Bari in sa baki, don aikina ne kula da masu jego. Shigewar kan nono hawa-hawa ce, kuma kafin a yi maganar tiyata sai an san a wane mataki mace take. Likitocin fiɗa suna amfani da wani rabe-rabe da wasu likitoci biyu 'yan Koriya ta Kudu, Han da Hong, suka fitar a 1999. A mataki na 1, kan nonon yana fitowa da sauƙi in an taɓa shi ko in sanyi ya buge shi, kuma yakan tsaya a waje na ɗan lokaci. A na 2, yana fitowa in an ja shi amma ana saki ya koma. A na 3 kuwa ko an ja ba ya fitowa sam.

Abin da ke jawo shi a ciki yake, ba a fata ba. Hanyoyin da ruwan nono ke bi zuwa kan nono ne suke zuwa gajeru tun daga halitta, ga kuma wasu zaruruwan nama masu tauri da ke riƙe shi ta ƙasa. Kun ga yadda maɓallin da ke tsakiyar matashin kujera yake lotsawa saboda zaren da ya ja shi ta ciki? To haka abin yake. Daga bayaninki Bintu, na dama ya yi kama da mataki na 2, na hagu na 3, amma sai an duba ki ido da ido za a tabbatar.

Ummu_Khalil
To ai shi ya sa na ce ta dinga ja, zaren zai saki.

Nas_Rabi
Anti Ummu, wannan jan da yatsa tsohuwar dabara ce, wani likita mai suna Hoffman ne ya bayyana ta tun 1953. Amma a farkon shekarun 1990 an gwada ta a kan mata masu ciki a Ingila, aka kwatanta waɗanda suka yi da waɗanda ba su yi ba, kuma ba a ga ta ƙara musu nasarar shayarwa ba. Ban ce tana cutarwa ga wadda ba ta da ciki ba, amma mai mataki na 3 za ta ja har ta gaji ba ta ga komai ba, sai dai fatar ta yi tsami.

Hajiya_Talatu
Ni dai abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu, komai sai a ce tiyata. Abin da ba ya ciwo, ba ya hana ki barci, mene ne na kai kanki a yanka? Garin neman gira a rasa ido.

Bintu_A
Hajiya na gode, amma gaskiya yana hana ni barci, ko da ba ciwon jiki ba ne. Ko a gaban 'yan'uwana mata ba na iya canza riga. Kuma maganar dattin nan ba ƙaramar damuwa ba ce, akwai lokacin da wurin ya yi ja ya kumbura sai da na sha magani.

Safiyya_M
Ni na yi, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake ba ji-ta-ji-ta ba. Nawa duka biyun mataki na 3 ne, kuma sai da na gama haihuwa sannan na je. Ba a sa ni barci ba, allurar kashe zafi aka yi min a wurin kawai. Allurar ce ma ta fi komai zafi, bayan ita sai dai ki ji ana taɓa ki ana ja, ba ciwo. Likitan ya ɗan tsaga gindin kan nonon, tsagar ba ta kai faɗin farce ba, ya yanke abin da ke riƙe shi, ya ɗago shi, sannan ya sa ɗinki ta ƙasa don kada ya sake faɗawa. Duka biyun ba su kai awa ɗaya ba, a ranar na koma gida da ƙafata.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bayan aikin. An ɗora min wani soso mai rami a tsakiya, kan nonon yana zaune cikin ramin don kada rigar nono ta danne shi. Na yi makonni ina kwana rigingine, ba na sa matsattsiyar riga. Da farko wurin ya kumbura ya yi duhu har na tsorata, daga baya ya sabe. Yanzu tabon sai na nuna miki za ki gani. Amma na hagu har yau ba na jin taɓi a kansa kamar da, na dama ne ya dawo daidai.

Kuma likitan ya faɗa min ƙarara kafin ya fara: irin aikin da zai yi min zai yanke hanyoyin ruwan nono, in na sake haihuwa kada in sa rai da shayarwa. Na sa hannu ne da sanin haka.

Zee_baby
Innalillahi. Wato shi ke nan ba shayarwa har abada?

Dr_Hauwa
Ba kowane aiki ba ne haka. Iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar tambayar Bintu. Akwai wanda ake raba zaruruwan naman masu tauri a miƙar da hanyoyin nonon ba tare da an yanke su ba. Wannan yana barin damar shayarwa, amma ya fi saurin komawa, domin abin da ke jan kan nonon yana nan, sassauta shi kawai aka yi. Akwai kuma wanda aka yi wa Safiyya, a yanke hanyoyin gaba ɗaya. Shi ya fi ɗorewa, shi ake yawan yi wa mataki na 3, amma galibi shayarwa ta tafi. In mace ta haihu bayansa nonon zai kawo ruwa ya cika ya yi tauri, sai dai ruwan ba shi da ƙofar fita, haka zai yi ta ciwo har ya ƙafe.

Ko a nau'in farkon ma babu likitan kirki da zai rantse miki cewa za ki shayar. Hanyoyin nan sirara ne ƙwarai kuma ba su da yawa. Da ana koyar da mu cewa 15 zuwa 20 ne a kowane nono, amma wani bincike da aka yi da na'urar sikanin a Ostareliya a 2005 ya nuna matsakaicinsu wajen 9 ne. In tabo ya toshe kaɗan daga ciki, an rage da yawa.

Shawarata ga wadda ba ta haihu ba kuma tana son shayarwa: ta jira. Aikin ba ya tserewa, ana iya yin sa a kowane lokaci. Hanyar da aka yanke kuwa ba a mayar da ita.

Maman_Afnan
Kin ji ko Bintu? Abin da na faɗa tun farko ke nan, likita ta zo ta sa masa hujja.

Safiyya_M
Maman Afnan, naki da kika shayar da shi wane mataki ne? Don ni kafin tiyatar ma ban iya shayarwa da nawa ba. Na yi kuka, jaririn ya yi kuka, ƙarshe tatsa na dinga yi ina ba shi. Kada a sa wa yarinya rai cewa jira kawai zai warware komai.

Maman_Afnan
Nawa yana fitowa in na ja. Ina jin na 2 ne ko na 1.

Safiyya_M
To kin gani. Ba ɗaya ba ne.

Nas_Rabi
Ku duka kuna da gaskiya. Abin da nake so Bintu ta riƙe shi ne, jariri ba kan nono yake tsotsa ba, nonon yake kamawa. In ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin da ke zagaye da kan, haɓarsa ta manne da nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, to shi da kansa yake jawo kan nonon zuwa can cikin bakinsa. Na ga mata da yawa masu mataki na 1 da na 2 da aka ce musu ba za su iya ba, suka shayar lafiya lau. Wasu ma ciki da shayarwar ne suka fito musu da shi ya zauna a waje.

Inda ake samun matsala shi ne kwana na uku zuwa na huɗu bayan haihuwa, lokacin da nono ya cika ya yi tauri. A nan kan da yake a shige sai ya ƙara ɓacewa, jariri ya rasa inda zai kama. Shi ya sa muke son a ɗora shi a nono tun awa ta farko, lokacin da nonon ke da laushi yana fitar da dakashi, ya koyi kamun tun kafin cikar. In kuma ya riga ya cika, a ɗan tatse kaɗan da hannu wurin ya yi laushi sannan a ba shi.

Fati_Gimbiya
Malama Rabi ba ki faɗi maganar sirinji ba. Ni shi ya cece ni. Ungozoma ce ta ɗauki sabon sirinji mai cin mil 10, ba allura a jiki, ta yanke bakin da ake sa allurar da reza, ta zare abin turawar ta mayar da shi ta wajen da ta yanke. Sai ya zama gefen mai santsi ne zai zauna a kan nono. Na kifa shi a kan, na ja a hankali, ina kallo kan nonon yana tasowa cikin sirinjin. In riƙe kamar rabin minti, in saki iskar, in cire, nan take in sa wa yarinya kafin ya koma. Kafin kowace shayarwa haka nake yi har ta saba.

Nas_Rabi
Haka ne Fati, dabara ce sananniya, tana cikin abin da ake koyar da ma'aikatan lafiya a horon shayarwa. Sharaɗi biyu kawai: mai nonon ce za ta ja da hannunta don ita ta san inda zafi ya fara, kuma a tura abin ya koma kafin a cire, kada a fizge. Akwai kuma hular silikon mai laushi da ake ɗorawa a kan nono jariri ya tsotsa ta cikinta, amma a yi amfani da ita da sa idon ungozoma, a dinga duba ko nauyin jaririn yana ƙaruwa.

Meenal
Ni ban da aure ban da ciki, na yi amfani da wani ɗan kofi mai zuƙo da ake kira Niplette. Ana sa shi cikin riga na awoyi kullum, wata da watanni. Nawa mataki na 1 ne kuma ya fito ya zauna. Ƙawata da nata ya fi shigewa ta gwada, da ta daina sawa ya koma.

Dr_Hauwa
Masu ciki dai su kula, ba a sa irin wannan a watannin ƙarshe, kuma ba a yawan murza kan nono a lokacin. Motsa shi yana sa jiki ya saki sinadarin da ke sa mahaifa ta murɗa, zai iya tayar da naƙuda.

Ummu_Sumayya
Ni tambayata daban ce. Shin wannan bai shiga canza halittar Allah ba? Don na san an yi gargaɗi mai tsanani a kan haka.

Malama_Asiya
Tambaya mai kyau. Malamai sun bambanta tsakanin aikin da ake yi don ƙarin ƙawa kawai da wanda ake yi don kawar da aibi ko cutarwa. Hujjar da suka fi kawowa ita ce ta sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa ma ta zauna a kan tiyatar gyaran jiki a Malesiya a 2007, ta halatta wadda ake yi don mayar da gaɓa yadda aka saba halittarta ko gyara aibin da aka haifi mutum da shi, da sharaɗin amfanin ya rinjayi cutarwar kuma ƙwararre ne zai yi. Wadda wurin ke tara datti yana kumbura mata, a ganina ba ta cikin masu neman ƙawa. Sai dai a nan akwai haƙƙin jaririn da ba a haifa ba tukuna, wannan kuma shi ne abin aunawa. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin likita cikakke, kada ki tambaye shi a dunƙule.

Hajiya_Talatu
To Malama ta yi magana, na janye rabin tawa. Amma rabin na nan: ta bari ta haihu.

Xahra_Xee
Ni fa ina ganin ana ta kewaye-kewaye. Bintu ta ce aurenta ya matso, abin da ke ranta shi ne yadda mijin zai gani. Ki faɗa masa kawai. Namijin da zai guje ki saboda wannan dama ba naki ba ne.

Bintu_A
Ban ce zai guje ni ba, Xahra. Ni ce ba na jin daɗin jikina, tun kafin in san shi. Amma maganar Dakta ta shige ni. Ban san akwai nau'in da ke hana shayarwa ba, inda na karanta cewa kawai suka yi aiki ne mai sauƙi na minti talatin.

Maman_Twins
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ni nawa lafiyarsu ƙalau tun tasowata, na shayar da yara ba matsala. Amma watannin nan na lura na dama ya fara shigewa ciki, kuma kamar yana kallon gefe. Ba ciwo. Shekaruna 47. Ni ma wannan tiyatar ce za ta gyara min, ko sirinjin Fati zan gwada?

Dr_Hauwa
Maman Twins, don Allah kada ki gwada sirinji, kada ki nemi mai gyaran jiki. Ki je asibiti a duba nonon cikin makon nan. Naki da na Bintu ba abu ɗaya ba ne. Wanda aka taso da shi tun ƙuruciya halitta ce. Wanda ya shige daga baya, a gefe ɗaya, ga mace mai shekarunki, alama ce da dole a bincika. Sau da yawa abin da ke jawo shi ba mugu ba ne: hanyoyin nono kan buɗe su gajarce in mace ta doshi ɗaukewar al'ada, ko tsohon kumburi ya bar tabo a ciki. Amma sankarar mama ma tana jan kan nono ciki, kuma a farkonta galibi ba ta ciwo, don haka rashin ciwon ba abin kwantar da hankali ba ne. Za a taɓa nonon da hammata, a yi hoton mamogiram, wataƙila da sikanin. Ki faɗa musu in kin ga jini ko wani ruwa na fita, ko kin ji ƙullutu, ko fatar ta canza, ko kan yana ɓarewa kamar ƙyasbi.

Maman_Twins
Jikina ya yi sanyi. Zan je in sha Allah.

Nas_Rabi
Allah Ya sa alheri za a gani. Ki tafi da wata ta raka ki. Kuma wannan gargaɗin har maza ya shafa, ku faɗa wa na gida. Su ma suna kamuwa da sankarar mama, kusan 1 cikin 100 na masu cutar maza ne, kuma shigewar kan nono na cikin alamun da suke rainawa.

Zee_baby
Allah Ya ba ki lafiya Maman Twins, ki dawo ki faɗa mana. Anti Safiyya, naki bai koma ba har yanzu?

Safiyya_M
Na dama yana nan daram. Na hagu ya ɗan sauka bayan kumburin ya sabe, bai koma ciki ba amma bai kai ɗan'uwansa tsayi ba. An ce za a iya sake taɓa shi, na ce a'a, ya ishe ni haka. Dattin da kumburin da nake fama da su dai sun tafi, kuma da za a mayar da ni baya zan sake yi.

Lubna_K
Ni ba haka tawa ta kasance ba. An yi min wanda ba a yanke hanyoyin, saboda ina son in ƙara haihuwa. Ya yi kyau da farko, kafin shekara ta zagayo ɗaya ya koma inda ya fito. Abin da ya fi ɓata min rai, wanda ya yi min bai taɓa ce min zai iya komawa ba. Duk wadda za ta je ta tambaya da bakinta: wane nau'i za ka yi min, za ka yanke hanyoyin nono ko a'a, in ya koma fa? In ya fara kame-kame ki ɗauki jakarki.

Dr_Hauwa
Ki ƙara da tambayar ko likitan fiɗa ne mai rajista da ya saba yin wannan aikin, ba mai shagon gyaran fata ba. Kan nono ɗan ƙaramin nama ne da jini ke isa gare shi ta ƙananan jijiyoyi. In aka yanka fiye da kima ko aka ɗaure ɗinkin da ƙarfi, jinin zai iya yankewa naman ya mutu. Ba kasafai ake samun haka ba, amma yana faruwa, kuma mai shan sigari ta fi shiga haɗarin. Mai ciwon suga da wadda tabo ke tasar mata ya yi tudu su faɗa tun kafin a fara.

Meenal
Na ga wasu suna huda wurin su sa ɗan ƙarfe ya riƙe shi a waje. Wannan fa?

Nas_Rabi
Yana riƙewa muddin ƙarfen na ciki, in an cire sau da yawa sai ya koma. Ga haɗarin ƙwayoyin cuta a wurin da dama yake tara datti, kuma dole a cire shi in za a shayar don kada ya shaƙe jariri.

Ummu_Khalil
Bintu, kafin ki yanke shawara dai ki kula da tsaftar wurin. Ruwan ɗumi, ki ɗan buɗe ramin a hankali ki wanke, ki tsane shi sosai ya bushe. Kada ki dinga tura tsinke ko farce.

Fati_Gimbiya
Ni abin da ban gane ba, in na hagun nata mataki na 3 ne, wanda Anti Safiyya ta ce ko ba tiyata da ƙyar ake shayarwa da shi, me zai hana a yi mata na hagun yanzu a bar na daman? Ai nono ɗaya yana isar jariri.

Maman_Afnan
Ya isa, masu tagwaye ma kowane ɗaya yake samu. Amma ai ba a san na hagun ba zai yi aiki ba sai an gwada. Ko bai kamu a baki ba ana iya tatsarsa, ruwan na nan. In an yanke kuwa ko tatsar babu.

Safiyya_M
Tatsar nan da kike faɗa da sauƙi, kin taɓa yin ta dare da rana da jariri yana tsala kuka a gefe? Ni na yi. Dakta Hauwa, ke me kika gani a kan shawarar Fati, ana yin gefe ɗaya a bar ɗaya?